Mu Dai In Kati Ya Yi Anko, Shi Ke Nan

Akwai wata lalura da ta kama mu a unguwar nan, samari har da wasu masu furfura, wadda ba a sayar da maganinta a kemis. Da zarar waya ta raba wa ɗayanmu kati biyu, ya duba ya ga dangi ɗaya ne, duka masu zuciya ko duka masu daimon, sai ka ga ya gyara zama a kan benci, ya ture kofin shayi gefe, ya daina jin abin da ake faɗa. Ko tara da uku ne, ko takwas da biyu, in dai zane da launi sun zo ɗaya, ba ya zubarwa. Ka tambaye shi dalili, ya ce maka, "Ai anko ne." Sunan da muka sa musu ke nan, kuma ya zauna daidai, don haka 'yan biki suke: atamfa iri ɗaya, kyau a hoto, amma ba ta gaya maka ko akwai kuɗin mota a jakar kowacce.

Kafin wani ya naɗe wannan takarda ya nufi gidan Liman da ita, bari in faɗa tun da wuri: ba kuɗi muke sawa ba. Manhajojin nan ne na waya da ake ba mutum tsabar bogi kyauta kowace safiya, salon da Zynga Poker ta yaɗa tun da ta fito a Facebook a 2007, yanzu kuma irinta sun cika ko'ina. Mutum sai ya kwana da miliyan ɗari a waya, ya tashi yana lissafin kuɗin koko. Caca kuwa hukuncinta a fili yake, an ambace ta tare da giya a Suratul Ma'ida, kuma mun ga yadda Hisbar Kano ta bi shagunan cacar ƙwallo tana rufewa a 2024. Ladanin masallacinmu ko kartar banza ba ya son gani. In ya zo wucewa sai ya ce, "Samari, ana dai kashe lokaci." Mu ce, "Allah gafarta Malam, yanzu za mu tashi." Mu ƙara awa guda.

Ga wanda bai san wasan ba, nau'in poka ne da ake kira Texas Hold'em. Kati 52 ne, dangi huɗu: mai zuciya, mai daimon, mai kan mashi da mai ganye, kowane dangi kati 13. Ana ba kowa biyu a ɓoye. Sai a shimfiɗa biyar a tsakiya na kowa da kowa, uku a tashi ɗaya, sannan ɗaya, sannan na ƙarshe. A kowane mataki ko ka zuba tsaba ka ci gaba, ko ka ƙara a kan abin da wani ya zuba, ko ka zubar da katinka ka huta. Wanda ya haɗa biyar mafi ƙarfi daga cikin bakwai ɗin shi ke kwashe tarin. Biyar 'yan dangi ɗaya su ne fulash, abin da ke hana mu barci. Fulash ya fi jeri, wato biyar masu bin juna a lamba, amma cikakken gida, uku iri ɗaya da biyu iri ɗaya, ya fi shi.

Kawu, wanda ya yi shekaru yana jan tirela tsakanin Kano da Legas kafin gwiwa ta zaunar da shi, shi ya fara gano tushen ciwon. Ya ce wot ne ya ɓata mu. Da gaskiyarsa kuwa. Da wot muka tashi, kartar nan mai ƙwallo da kuros da tauraro, wadda wani Bature mai suna William Storey ya ƙirƙiro a Ingila a 1935, ta zo ƙasar nan ta samu gindin zama fiye da inda aka haife ta. A wot, zane shi ne rayuwa. Ko ka bi lamba ko ka bi zane, in ba ka da ko ɗaya ka tafi kasuwa ka ɗebo. Wanda ya riƙe ƙwallo uku aka kuma kira ƙwallo, ya san "las kat" ya kusa. Shekara da shekaru idonmu ya koyi murna da ganin zane iri ɗaya, sai muka ɗauki wannan idon muka shiga da shi wasan mutanen Texas ba tare da mun tambayi ko can ma haka farashin yake ba.

Wanda ya ɓata mana daɗin abin shi ne Ticha, malamin lissafi a wata sakandare, mutumin da ba ya iya ganin jama'a na murna bai ciro biro ba. Wani dare ya karɓi takardar da mai shayi ke naɗe burodi, ya ɗora a gwiwa, ya fuskanci Yaya tela, wanda shi ne shugaban masu son anko a bencinmu.

"Yaya, ka san hannun farko nawa za a iya raba maka?"

"Malam, ni awo na sani, ba wannan ba."

"To 1,326 ne. In ka haɗe masu kama da juna suna komawa iri 169: tagwaye 13, anko 78, waɗanda ba anko ba 78. Cikin 1,326 ɗin nan, 312 anko ne. Ba sai ka wahala ba ma: an ba ka kati ɗaya, saura 51, cikinsu 12 'yan danginsa ne. Kusan sau ɗaya cikin huɗu ke nan. Abin da ke zuwa maka sau ɗaya cikin huɗu shi kake wa wannan rawar kai?"

Yaya tela ya ce ai ba ankon yake wa murna ba, fulash ɗin da ke bayansa yake hange. Ticha ya ce daidai, a je can ɗin. Uku na farko da za a shimfiɗa su zo duka danginka, ka samu fulash nan take: sau ɗaya cikin 119. Biyu su zo danginka, ka rage kati ɗaya: kusan kashi 11 cikin 100, sau ɗaya cikin tara. In kuma ka rantse ba za ka taɓa zubarwa ba, ka bi kowane anko har katin ƙarshe komai tsadar hanya, fulash zai zo maka kashi 6.4 cikin 100. Sau ɗaya cikin 16.

"Sauran goma sha biyar ɗin fa, Yaya? Kana zaune da tara da uku, kana kallon mai A yana kwashe maka tsaba."

Mai shayi ya sa baki daga bayan tukunya, ya ce shi dai ya taɓa ganin Auta, ƙaraminmu, ya yi fulash ba tare da anko ba. Ticha ya ce ƙwarai, in huɗu 'yan dangi ɗaya suka sauka a tsakiya, mai riƙe da guda ɗaya ma ya samu, kuma hakan na faruwa kusan kashi 2 cikin 100. Wato ko wancan kashi 6 ɗin ba duka ba ne ladan anko.

Inda maganar ta fi yi wa mutane zafi shi ne da ya kwatanta hannu da hannu. Ka ɗauki A da K, ka haɗa su da mai riƙe da Q biyu, a shimfiɗa kati biyar ba wanda ya gudu. In A da K ɗin anko ne, suna cin kusan kashi 46 cikin 100. In ba anko ba ne, kusan 43. Ka sauko can ƙasa wajen bakwai da biyu, hannun da 'yan poka suka yi ittifaƙi babu wanda ya kai shi lalacewa a cikakken tebur. Ka haɗa shi da kowane hannu da aka zaro ido rufe: ba anko yana cin kusan kashi 35, da anko kusan 38. Sama da ƙasa, ratar ba ta wuce maki uku ko kusa da haka. Yaya tela ya kalli takardar burodin ya daɗe, sannan ya ce, "Uku kacal?" Ticha ya ce, "Uku kacal." Ya ce, "To wallahi a ido ya fi talatin."

Ni a nan ne nake rabuwa da Ticha kaɗan, don shi in ya kama abu sai ya kai shi ƙasa. Ya so ya nuna mana cewa anko ba komai ba ne, alhali waɗanda suka ci abinci da wasan nan ba haka suka ce ba. David Sklansky da Mason Malmuth, da suka kasa hannayen farko rukuni-rukuni a littafinsu na 1988, sun sa A da K na anko a rukunin farko tare da tagwayen A, K, Q da J, suka sauko da A da K marasa anko rukuni na biyu. Bill Chen, masanin lissafi ne da ya ci gasa biyu a babban taron poka na duniya a 2006, yana da wata hanyar ba hannu maki a ka: babban katinka in A ne maki 10, K 8, Q 7, J 6, sauran rabin lambarsu, tagwaye a ninka, in akwai tazara tsakanin katunan a rage, in anko ne a ƙara 2. A wannan ma'aunin tagwayen A na da 20, A da K na anko 12, marasa anko 10. J da huɗu na anko, wanda Yaya tela ke shiga da shi yana murmushi, maki 3 ne. Ka ga ke nan an ba anko haƙƙinsa, biyu cif, ba a hana shi ba, ba a kuma yi masa ƙari ba. Biyu a kan goma tana ɗaga hannu mai kyau ya zama mafi kyau. Biyu a kan ɗaya ta ba ka uku, kuma uku ba ta kai ko'ina.

Auta, mai gyaran waya, shi ne ke kwana a YouTube yana kallon manyan 'yan wasa, kuma shi ya kawo bayanin da ya fi gamsar da ni. Ya ce maki ukun Ticha lissafi ne na in kowa ya zauna har ƙarshe, amma wasan ba haka yake tafiya ba. Yawancin hannaye suna ƙarewa ne kafin a buɗe kati, wani ya tsorata ya zubar. Mai anko yana da abin da marar anko ba shi da shi: in biyu 'yan danginsa suka sauka, yana iya yin burga, ya zuba tsaba da yawa kamar ya riga ya haɗa wani abu. In abokin karawa ya gudu, ya ci a banza. In ya tsaya, har yanzu akwai kati tara a cikin tarin da za su cika masa fulash, kuma ɗayansu na zuwa kusan kashi 35 cikin 100 a katunan biyu da suka rage. Burga ce mai madogara. Wanda ya yi irinta da hannu wofi, in aka tsaya masa, sai salati.

Ya ƙara da cewa tun da manhajojin warware wasan suka fito, irin PioSolver a 2015, an ga kwamfuta na son wasu hannaye da mutane ba su ɗauka da daraja sosai ba, musamman A da biyar na anko. Dalilin a fili yake in an yi maka bayani. A ɗin da ke hannunka ya rage yiwuwar wani na riƙe da A biyu. Biyar ɗin na iya haɗa jeri daga A zuwa biyar. In kuma fulash ya zo, naka ne mafi girma a dangin, ba mai hawa kansa da wani fulash. Wannan hannun dai, in ka cire masa anko, kwamfutar sai ta yar da shi a mafi yawan kujeru. Kawu ya ce, "Wato ita ma na'urar 'yar biki ce." Auta ya ce, "A'a Kawu, ita tana duba wanda ya sa ankon."

Sai maganar kujera, wadda mu sam ba ma kula da ita. Wanda zai yi magana a ƙarshe ya riga ya ga abin da kowa ya yi, ya san ko hanya da sauƙi ko da tsada. Takwas da bakwai na anko a kujerar ƙarshe, ga mutane da yawa sun shiga, ga tsaba jibge a gaban kowa, hannu ne mai daɗi, don yana da hanya biyu, jeri da fulash, kuma ranar da ya haɗu akwai wanda zai biya shi da yawa. Shi ɗin dai a kujerar farko, mutum takwas na bayanka ba ka san abin da za su yi ba, yawanci wahala ce. Mu kuwa ko a ina muke zaune, maɓallin shiga ɗaya ne.

Amma duk wannan bai kai daren da Yaya tela ya samu abin da yake nema ba. Tara da uku masu zuciya. Aka shimfiɗa uku, biyu masu zuciya. Ya bi. Na huɗu bai zo ba, ya bi da tsada. Na biyar ya sauka mai zuciya, ya miƙe tsaye ya ce, "Malam Ticha, ina bironka?" Ya tura duk abin da ya tara na mako guda. Wani da ke can wata duniya, hoton kyanwa ne ma a kan sunansa, ya amsa nan take, ya buɗe K da goma masu zuciya. Shiru ya ratsa benci. Mai shayi ya zuba masa shayi bai tambaye shi ba. Wannan shi ne ɓangaren da lissafin kashi 6 bai nuna ba: ƙaramin anko yana cin ƙaramin tari in ya ci, don da zarar zuciya uku sun bayyana a tsakiya kowa ya gani ya kama kansa, amma ranar da ya gamu da yayansa, komai yake tafiya. A tebur mai mutum tara wanda ba mai zubarwa, irin namu na tsabar bogi, wannan gamuwar ba baƙuwa ba ce, don kowa yana riƙe da nasa ankon yana jira.

Tun daga ranar Ticha ya samu ɗalibi. Ya koya masa abu ɗaya da ko wanda ya gudu daga ajin lissafi zai riƙe. In saura kati ɗaya a shimfiɗa kana jiran fulash, tara ne naka cikin 46 da ba ka gani ba, kusan sau ɗaya cikin biyar. To ka dubi farashi. Akwai 1,000 a tsakiya, wani ya zuba 200: za ka biya 200 don neman 1,200, ka bi, riba ce ko da sau huɗu za ka faɗi kafin ka ci sau ɗaya. Akwai 1,000, ya zuba 1,000: za ka biya 1,000 don neman 2,000, kana buƙatar ci sau ɗaya cikin uku, kai kuwa sau ɗaya cikin biyar kake da shi, ka zubar. Yaya tela ya ce wannan ai ciniki ne, ya gane. Ya gane ɗin kuwa, har kwana uku.

A kwana na huɗu ya dawo da hujja, Auta ne ya ba shi. Wai Doyle Brunson, dattijon Texas mai malafa wanda ya rasu a 2023 yana da shekara 89, da goma da biyu ya ci babbar gasar duniya a Las Vegas a 1976, kuma anko ne, duka masu kan mashi. Har yau ana kiran goma da biyu da sunansa. "To Malam, ka fi Brunson sani ne?" Ticha ya ce a karanto yadda hannun ya ƙare. Aka duba. Abokin karawarsa Jesse Alto na riƙe da A da J, aka shimfiɗa A, J da goma, Brunson na baya nesa, sai biyu ta sauka, sai wata goma. Cikakken gida ya yi, ba fulash ba. A shekara ta gaba, 1977, ya sake cin gasar da goma da biyu, wannan karon ba anko, kuma da cikakken gida dai. Ankon bai tsinana masa komai ba a 1976. Kuma mutum biyu kaɗai suka rage a teburin, inda kusan kowane kati ake wasa da shi. Gaskiya ne Brunson ya yabi ƙananan anko masu bin juna a littafinsa Super/System, amma irin bakwai da shida yake nufi, kuma a inda tsaba ke da yawa a gaban kowa.

Shi ma Chris Moneymaker, akawun nan na jihar Tennessee da ya jawo duniya ta ruɗe da poka ta intanet, da biyar da huɗu marasa anko ya rufe gasar 2003. Ya samu kujerarsa ne ta wata ƙaramar gasa a shafin PokerStars da kuɗin shigarta bai kai dala 100 ba, ya tashi da dala miliyan 2.5. Mutum 839 suka shiga a shekarar. Zuwa 2006 sun kai 8,773. Kowa ya ga kansa a madubin akawun.

Intanet ɗin ma ta ƙara wa ciwon namu ƙarfi ta hanyar da ba mu lura ba. Tun da Planet Poker ta fara raba kati na kuɗin gaske a ranar 1 ga Janairu 1998, babban abin da ya bambanta tebur na waya da na katako shi ne sauri. A gidan wasa, inda mutum ke gauraya kati da hannu, wajen hannu 30 ake yi a awa. A intanet ana yin ninki biyu ko fiye. In an raba maka 80 a awa, kusan 19 anko ne. Ka bi su duka har ƙarshe, fulash ɗaya za ka gani, wataƙila biyu in ranar taka ce. Wannan ɗayan shi za ka ba da labarinsa gobe a benci. Sha takwas ɗin da suka cinye maka tsaba a hankali ba mai tuna su, don ba su da labari. Ga shi kuma yawancin manhajojin suna da zaɓin launi huɗu, daimon shuɗi, ganye kore, don kada mutum ya rikita zuciya da daimon a ƙaramin gilashi. Da kyakkyawar niyya aka yi shi, amma kore biyu a jere a fuskar waya da daddare, sai mai ƙarfin hali.

Daga nan ne zargin da ba ya ƙarewa ke tasowa. Duk wanda aka hau fulash ɗinsa sai ya ce manhajar ce ke shirya kati don a yi ta karo. Kawu ya fi kowa riƙe wannan, ya ce shi bai yarda da kartar da bai ga an gauraya a gabansa ba. Ticha kan ce ba sai an shirya komai ba: hannaye sun ninka, kuma a teburin da ba mai zubarwa kowane kati na kaiwa ƙarshe, dole a ga karo da yawa. Ni ina bayan Ticha a nan, amma ba na yi wa Kawu dariya, don an taɓa yin cutar gaske. A 2007 'yan wasa da kansu suka bi bayanan hannaye a shafin Absolute Poker suka gano wani asusu na cikin gida da ke ganin katin kowa. Sannan a ranar 15 ga Afrilu 2011 hukumomin Amurka suka ƙwace adiresoshin PokerStars da Full Tilt Poker da Absolute Poker, masu kuɗi a Full Tilt a Amurka kuwa sai a 2014 aka fara mayar musu da haƙƙinsu. Waɗannan mutane ne da ke ƙasar da ke da kotu da lauyoyin bin irin wannan shari'a.

Shi ya sa ranar da wani yaro daga layin baya ya zo yana nuna wa Auta wani shafi da ake sa naira ta gaske, yana cewa ai mu mun riga mun ƙware, Kawu bai bari ya gama ba. Ya ce, "Ɗana, wa ya gaya maka mun ƙware? Ga shugabanmu nan, da J da huɗu yake shiga." Ticha kuma ya ƙara masa da abin da masu tallar ba sa faɗa: mai shafin yana cire la'adarsa daga kusan kowane tari, yawanci wajen kashi 5 cikin 100 zuwa wata iyaka. Mutum tara masu ƙwarewa ɗaya su zauna su yi ta juya kuɗi a tsakaninsu, in dare ya yi nisa kowa ya ragu, mai shafin ne kaɗai ya ƙaru. Kuma waɗanda za ka tarar a can ba 'yan bencin mai shayi ba ne. Akwai masu bin jadawalin kwamfuta hannu da hannu, kuma tun 2019 wata manhaja mai suna Pluribus ta doke ƙwararru a tebur mai mutum shida. Mai shiga da kowane anko shi ne irin baƙon da suke jira. Yaron ya ce to ai ana ci. Kawu ya ce ana ci mana, shi ya sa aka hana, ya tashi ya tafi alwala.

Auta ya so ya kwantar wa Yaya tela da hankali, ya ba shi labarin wani nau'in wasan da attajiran Asiya suka yayata, wanda ake cire katunan biyu zuwa biyar a bar 36, kuma a mafi yawan teburansa fulash ya fi cikakken gida. Yaya tela ya ce, "Can ya kamata a haife ni." Ticha ya ce ya dakata, an ɗaga darajar fulash a can ne don ya ƙara wuyar samu, tun da kowane dangi ya koma kati tara. Yaya tela ya ce shi dai a bar shi da labarin yadda Auta ya faɗa.

Yanzu dai an ɗan samu sauyi a bencin, ba mai yawa ba. Auta na zubar da K da huɗu na anko in yana kujerar farko, yana yi yana cije leɓe. Mai shayi, wanda ba ya wasan sai kallo, ya koyi tambayar "da A ne ko babu?" duk lokacin da wani ya ce ya samu anko, kuma tambayar ta fi rabin abin da Ticha ya rubuta a takardar burodi amfani. Yaya tela ya rage, ya ce daga yanzu sai in ɗaya daga cikin katunan ya kai goma. Jiya na leƙa wayarsa na ga takwas da uku masu daimon, yatsansa na kan maɓallin shiga. Ya ce wannan daban ne, shuɗi ne.

Wanda ke da ja a kan lissafin Ticha, muna nan bayan isha'i. Ya zo da bironsa, ya kuma cika wayarsa da caji daga gida, don soket ɗaya ne a rumfar kuma Kawu ya riga kowa.